Daga Zanen Goyo Zuwa Rigar Ofis: Sutura da Renon Uwa Ma'aikaciya

Aikin mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin tun zamanin da ba a san ofis ba, ba a san albashin wata ba, matan ƙasar nan suke kaɗi da saƙa, suna dakan fura, suna tuyar ƙuli-ƙuli da ƙosai, suna ɗinkin hula da kitso, suna tara abin da za su yi wa 'ya'yansu mata kayan ɗaki, alhali kuwa da yawa daga cikinsu ko zaure ba sa takawa da rana. Abin da yake baƙo shi ne nisa. A da mace tana aikinta ɗanta yana bayanta, ta ɗaure shi da zane ta ƙarfafa da majanyi, in ya motsa ta jijjiga shi, in ya ƙi shiru ta juyo da shi ta ba shi nono sa'an nan ta koma kan turminta. Watau suturar aikinta ita ce makwancin ɗanta, wurin sana'arta kuma shi ne wurin renonta. Amma yau malamar makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da ta banki, da lauya, da 'yar jarida, sukan bar gida tun hantsi bai yi ba, wasu su dawo bayan la'asar, wasu sai an kira magariba, sanye da rigar da aka ɗinka ba a tuna da jariri ba, zuwa wurin da aka gina shi ma ba a tuna da shi ba. Saboda haka ne nake ganin zancen tufafin aiki da zancen tarbiyyar yara, waɗanda aka saba rabawa, wannan a ba teloli wancan a ba malamai da likitoci, mas'ala guda ce a wurin uwa mai fita aiki, kuma tambayarta guda ce: ta yaya za a rage wannan nisa ba tare da ta tozarta amanar aiki ko amanar ɗa ba?

Magabatanmu ba su gafala daga wannan ba. Lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don kai ilmi ga matan karkara, ta naɗa wa kowace ƙungiya jagora da ake kira jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle da ake naɗawa a kanta, domin duk wanda ya hango ta a hanya ya san mace ce mai aiki a wuyanta, ya ba ta girman da ya dace da wannan aiki. Wanda ya dubi wannan da idon basira zai ga cewa tufar aiki alama ce ta izini da haiba tun kafin ta zama ado. Amma akwai wani abu na biyu da ya kamata a lura da shi: waɗanda suke yin tafiyar zuwa wurin Nana galibi dattawan mata ne da suka gama haihuwa da kuma 'yan mata da ba a aurar ba, masu goyo kuwa ana barinsu a gida, a kawo musu karatun har ɗaki. Wannan hikima ta dace da zamanin da ake tafiya a ƙasa kwana da kwanaki. A namu zamanin, da asibitocinmu suke neman likita mace da ungozoma da za su karɓi haihuwar matanmu, makarantun 'yan mata suke neman malamai mata, ba zai yiwu a ce kowace mace ta jira sai ta gama haihuwa kafin ta fito ba. Al'ummar da ba ta so namiji ya duba matarta wajibi ne a kanta ta sauƙaƙa wa macen da za ta duba ta.

Fiƙihun da muka gada ma ya san mai shayarwa, ya san halin tufarta. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda malamanmu suke karantarwa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato tun ƙarnoni da suka shuɗe, an ambaci tufar mai shayarwa cikin abubuwan da ake yi wa rangwame idan fitsarin yaro ko kashinsa ya taɓa ta, da sharaɗin tana ƙoƙarin kiyayewa, aka kuma so mata ta tanadi wata tufa dabam domin salla. Ina ganin babu wata shawara ta zamani game da kayan aiki da ta fi wannan fa'ida ga uwa ma'aikaciya: ta ajiye hijabi mai tsabta da zane guda a jakarta ko a durowar teburinta, ba ta taɓa su sai azahar da la'asar, domin rigar da ta ɗauki yaro da ita da safe zuwa gidan reno, ta sake ɗaukarsa da ita a lokacin shayarwa, ba kullum zuciya take natsuwa da ita ba.

To, sai zancen yadi, wanda a nan ne mata da yawa suke asarar kuɗi da jin daɗi gaba ɗaya. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, kuma an yi zamanin da masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, da sauran masaƙun da suka biyo bayanta a Kakuri da Bompai da Sharaɗa, suke tufatar da Arewa da atamfar auduga tsantsa. Amma tun da masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002, babbar 'yar'uwarta UNTL ta rufe a 2007, sai kasuwa ta cika da kayan waje, mafi yawansu daga Sin, masu kyawun zane da sauƙin kuɗi, waɗanda da yawansu an cuɗa zarensu da na roba. Macen da ta shiga Kantin Kwari tana neman abin zuwa biki tana iya bin ƙyalli, domin sa'o'i kaɗan za ta yi da shi a jikinta; amma wadda take neman abin da za ta wuni a cikinsa tun daga ƙarfe 7 na safe, a ofishin da wuta take zuwa ta tafi, a watannin bazara da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, sa'an nan ta dawo ta ɗora jariri a kan wannan yadin, lalle ne ta fifita wanda yake shan gumi ya bar iska ta ratsa. Yadin roba yana riƙe zafi, yana riƙe wari, yana kuma tayar wa jariri ƙurajen zafi a ƙirji da wuya idan aka goya shi a kai. Ta murza bakin yadin a hannunta ta ji, ta tambayi mai shago ko yana zuba, ta wanke shi kafin a kai ɗinki. Atamfa mai duhun ƙasa da yawan zane ta fi mai haske rufa asiri a ranar da nono ya zubo ko yaro ya yi tumbuɗi a kafaɗa; leshi mai duwatsu da shadda mai nauyin sitati kuwa a bar su ga ranar suna da ranar salla, domin suna karce fuskar yaro, suna kuma cin lokacin guga wanda mai goyo ba ta da shi.

Ba na ganin hikima a tara kaya masu yawa. Kala biyar ko shida masu aminci, da mayafai biyu ko uku marasa zane waɗanda suke shiga da kowanne, da abaya guda mai duhu don ranar da aka makara, sun wadatar da ma'aikaciya daga Litinin zuwa Juma'a, sun kuma raba ta da gasar da ake yi a wasu ofisoshi, inda ake ƙirga wa mace sau nawa ta maimaita atamfa. A lokacin da mafi ƙanƙantar albashi a Nijeriya yake naira 70,000 tun 2024, kuɗin mota kuma ya ninka tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, cin bashi domin anko israfi ne da yake fita daga bakin yara. A goge kayan mako duka ranar Lahadi idan an samu wuta, a rataye kowanne da mayafinsa, a haɗa jakar yaro tun da dare; abin da aka gama kafin a kwanta shi ne yake hana a yi wa yaro tsawa da asuba.

Wurin tela kuwa, mace ta buɗe baki ta faɗi lalurarta, kada kunya ta hana ta. Ta ce masa, ko ta ce mata, gwargwadon wanda take kai wa ɗinki: “Malam, goyo nake yi, a sa mini zif a gaba, a ɓoye shi a cikin tattara, a saki hannun, a yi mini aljihu biyu.” Teloli sun iya wannan sarai, sai dai ba sa yi in ba a nema ba, domin yayi ya karkata ga zif na baya da riga mai kama jiki, wadda mai ita ba ta iya shayarwa sai ta tuɓe, ba ta iya alwala sai ta sha fama da hannun riga. Riga da zane ko riga da siket mai faɗi sun fi doguwar riga rufaffiya sauƙi ga mai shayarwa, in kuwa doguwar rigar ce dole, to, a tsaga ta a ƙirji a rufe da wani shafi. A bar rarar yadi a cikin ɗinki, domin jikin mai jego yana canzawa wata bayan wata. Takalmi ya zama maras tsini, wanda za a iya ɗaukar yaro a tsallake kwata da shi.

Akwai kuma wani abu da nake so in tsaya a kansa, domin rai yake ci. Dogon hijabi har ƙasa da abaya mai jan ƙasa sutura ce mai kamala, ba mai musun haka, amma a kan babur ko a bakin Adaidaita Sahu suna iya shiga cikin ƙafa ko sarƙa su fizgo mace ƙasa, wani lokaci da goyo a bayanta. Kiyaye rai yana gaba cikin manufofin Shari'a, kuma tattare hijabi a kan cinya kafin abin hawa ya tashi bai rage wa kowa mutunci ba. Haka nan mai aiki kusa da inji, ko a ɗakin gwaje-gwaje, ko a kan murhu, ta zaɓi hijabin da ya tsaya a ƙirji ta cusa shi cikin rigar aiki. Allurar da ake maƙale mayafi da ita kuma a sauya ta da mai kulle, domin hannun jariri fuskar uwarsa yake fara nema.

Ya kamata matan yau su san cewa 'yancin da suke da shi na haɗa sutura da kayan sarki ba a sama aka tsince shi ba. A watan Disamba na 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta daga ƙarƙashin hular lauyoyi, ta haƙura ta rasa rantsuwar wannan shekarar, har aka rantsar da ita da hijabinta a watan Yuli na 2018. A watan Maris na 2022 rundunar 'yan sandan Nijeriya ta halatta wa matanta ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hula, a watan Yuni na wannan shekarar kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Waɗannan nasarori ne, muna kuma gode wa Allah a kansu. Sai dai abin da yake damuna shi ne, ƙarfin da muka sa wajen neman a bar mace ta rufe kanta a wurin aiki, ko rabinsa ba mu sa ba wajen neman a bar ta ta shayar da ɗanta a wurin aiki, alhali Alƙur'ani mai girma da ya yi umurni da sutura shi ne ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa a cikin Suratul Baƙara.

Ga yadda doka take. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 54, ta ba mace mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki a wurin, da rabin sa'a sau biyu a rana don shayarwa bayan ta koma. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16 da cikakken albashi, da sassaucin sa'a biyu a kowace rana na tsawon wata shida bayan komawa, an kuma ba maza kwana 14 tun 2021. Jihar Legas ta kai hutun wata shida a 2014, Jihar Kaduna ta bi a 2019. A Jamhuriyar Nijar kuwa mako 14 ne. Sai mai karatu ya auna wannan da abin da likitoci suka haɗu a kai, cewa jariri ya sha nono zalla, ba ruwa ba koko, har ya cika wata shida. Macen da take aiki a makaranta mai zaman kanta ko a kamfani, wadda doka ta lamunce mata mako shida kacal bayan haihuwa, ko wankan jego ba ta gama hutawa daga gare shi ba, za a ce ta dawo. Ba abin mamaki ba ne da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba suke shan nono zalla. Mata da yawa ba su ma san suna da haƙƙin sa'o'in shayarwa ba, wasu sun sani amma suna tsoron a ce sun cika ƙorafi. Neman haƙƙi da ladabi, a rubuce, tun cikin yana wata bakwai, ba rashin kunya ba ne.

Wadda ba ta da halin komawa gida da rana sai ta koyi tatsa, ta fara gwadawa mako biyu kafin hutunta ya ƙare domin hannunta ya saba, yaron kuma ya saba da kofi. Nonon da aka tatsa cikin mazubi mai tsabta mai murfi yana kai sa'a 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, yana kai kwana 4 a firjin da wutarsa ba ta yankewa; amma da yake zafinmu ya wuce wanda aka yi wannan lissafi da shi, wutarmu kuma ba ta da alkawari, ya fi aminci a sa shi cikin kula da ƙanƙara, a ba da na safe kafin azahar. Ba a tafasa shi a wuta, sai dai a tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi. Ƙaramin kofi ya fi bulumboti, domin ya fi sauƙin wankewa, ƙazantar bulumboti kuwa tana daga manyan hanyoyin gudawa. Inda aka fi samun saɓani shi ne wurin ruwa: kaka tana ganin zalunci ne a bar jariri ba ruwa cikin bazara, kuma tausayi ne ya sa ta faɗi haka, ba jahilci ba. Kada a yi mata gardama a gaban mutane. A same ta ita kaɗai a ce, “Hajiya, likita ya ce fiye da kashi 80 na nonon nan ruwa ne, ki taimake ni mu cika wata shidan nan,” in da hali kuma a tafi da ita asibiti ranar riga-kafi ta ji da kunnenta. In surukarta ce, to, aikin ɗanta ne ya faɗa mata, ba na matarsa ba.

Babbar mas'ala ita ce hannun da za a bar yaro a cikinsa. A gidan gandu na da, inda ake cewa ɗa na kowa ne, akwai kaka da gwaggo da abokiyar zama da matan 'yan'uwa. Yau ma'aurata suna zaune su biyu a gidan haya, a unguwar da ba su san maƙwabcinsu ba, sai a aika ƙauye a kawo yarinya. Ina roƙon iyaye mata su ji tsoron Allah a kan yarinyar nan. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, amma ko babu doka, hankali ya isa ya nuna cewa wadda ita kanta take bukatar reno ba za ta iya rarrabe kukan yunwa da kukan zazzaɓi ba, kuma ba adalci ba ne mace ta fita koyar da 'ya'yan wasu da ilmin da iyayenta suka ba ta, ta bar 'yar wani a gidanta ba boko ba Islamiyya. A nemi babbar mace mai hankali, a yanka mata lada bayyananne, a biya ta a kan lokaci, a ciyar da ita daga tukunyar gida, a koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, a rubuta mata lambar waya a bango. Wadda aka kyautata wa ita take kyautata wa yaro a bayan ido. In gidan reno ne, a je ba tare da sanarwa ba, da tsakar rana, a ƙirga yara a ƙirga masu kula da su, a duba ruwan shansu da makewayinsu, a tambaya wa ake miƙa wa yaro idan an tashi.

A nan akwai hukuncin da ake yawan mantawa. Yakan faru uwa ta makara a wurin aiki, yaro ya yi ta kuka, maƙwabciya ko ƙanwa mai goyo ta ji tausayi ta ba shi nata nonon. A mazhabar Imamu Malik, abin da ya isa cikin yaro na nono a cikin shekara biyun nan, ko tsotsa ɗaya ce, yana tabbatar da 'yan'uwantakar shayarwa, ya haramta aure tsakaninsa da 'ya'yan wannan matar. Shayar da ɗan wani halal ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun Halimatus Sa'adiyya ya sha. Amma wajibi ne a yi shi da sanin iyaye, a tabbatar da lafiyar mai shayarwar domin akwai cututtukan da suke bin nono, a kuma rubuta a sanar da dangi, kada a wayi gari bayan shekara 20 an sa rana sa'an nan wata tsohuwa ta tuna.

Idan an dawo gida, yaro ba ya tambayar abin da aka sayo masa kamar yadda yake tambayar fuskar uwarsa. Ta ajiye jaka, ta wanke hannu, musamman ma'aikaciyar asibiti wadda ya kamata ta sauya kaya tukuna, ta zauna a ƙasa da su ko na rubu'in sa'a ne kafin ta shiga madafi, ta ji abin da aka yi a makaranta, wa ya doki wa, wace sura aka biya. Uwa mai jin nauyin rashin da ta yi musu da rana takan so ta biya da alewa da sakin linzami, ko ta miƙa musu waya don ta samu ta numfasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta yi gargaɗi a 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce sa'a guda a rana. Tsakanin magariba da isha'i lokaci ne mai albarka: a kashe kallo, a yi tilawa, a duba aikin gida, a yi tatsuniya ko ƙissar annabawa da harshen Hausa, domin yaran ma'aikata da yawa suna tasowa da Turancin makaranta ba su iya gaida kakanninsu yadda ya kamata ba.

Duk wannan kuwa ba zai tsayu a kan mace ita kaɗai ba. Shari'a ta ɗora ci da sha da tufa da mazauni a kan miji, ta bar wa mace dukiyarta, malaman Malikiyya ma sun wajabta wa mawadaci ya samar wa matarsa mai hidima idan irinta ake yi wa hidima. Saboda haka mijin da ya yarda matarsa ta fita aiki, yake kuma amfana da albashinta wajen kuɗin makaranta da cefane, bai yi adalci ba idan ya bar mata asuba da dare gaba ɗaya. Kai yara makaranta, da riƙe jariri yayin da take girki, da ɗaukar rana guda daga aiki don kai shi allurar wata tara, ba su taɓa rage wa namiji daraja ba, kuma ya tabbata cewa Fiyayyen Halitta yana taya iyalinsa hidimar gida.

Kirana ga gwamnonin sauran jihohin Arewa da majalisunsu shi ne su mai da hutun haihuwa wata shida da cikakken albashi, su kuma shigar da makarantu da asibitoci masu zaman kansu cikin dokar, domin a can ne aka fi matsa wa mata. Ga shugabannin ma'aikatu da bankuna da jami'o'i kuma, ɗaki guda ake roƙo, mai ƙofa da tabarma da ruwa da ƙaramin firji, da dattijuwa amintacciya da za ta zauna da jarirai, kusa da inda iyayensu suke aiki. Malamanmu su ɗauki wannan zance zuwa mumbari ranar Juma'a kamar yadda suka ɗauki zancen hijabi, ƙungiyoyin ƙwadago su sa shi a takardar buƙatunsu, ke kuma 'yar'uwa mai ciki da kike karanta wannan, ki nemi dokar wurin aikinki ki karanta tun yau, ki rubuta takardarki kafin watanki ya kama.